Ɗakin Otilia

Tun da dusar ƙanƙara ta fara narkewa a kan tsaunukan Apuseni, Sabin Morar ya ɗaura gaba da abinci. Mutumin da a da in ya zauna gaban kwano sai an tashe shi, shi ne yanzu yake cin dafaffen kabeji da ƙwai guda, ya kora da ruwa, ya miƙe yana shafa ciki kamar ya ƙoshi. Maƙwabta suka ɗauka likita ne ya ba shi tsoro, alhali wani rami ne kawai a ƙarƙashin ƙasa ya hana shi sakat.

A bayan gida, tsakanin rumfar itace da akurkin kaji, ya haɗa katakai huɗu ya yi wata 'yar taga a ƙasa, daidai faɗin wata matsattsiyar hanya da ke cikin wani kogo can saman kwari. 'Yan ƙungiyarsu ta masu shiga kogo suna kiran hanyar Wuyan Kwalba. Kullum da safe sai ya kwanta rub da ciki, ya miƙa hannu ɗaya gaba, ɗaya a manne da cinya, ya fitar da duk iskar ƙirjinsa, ya ja jiki. Da farko katakan suka riƙe shi a kafaɗa, daga baya a ciki. Ranar da ya wuce gaba ɗaya, ya tashi ya yi rawa a tsakar gida har zakara ya tsorata.

Abin da ke bayan Wuyan Kwalba shi ne dalili. Akwai wani ɗaki a can, kuma Sabin ne ɗan Adam na farko da ya shige shi, lokacin yana saurayi siriri kamar sanda. A al'adarsu wanda ya fara sa ƙafa shi ke raɗa suna. Wasu sukan sa sunan malaminsu, wasu sunan ƙauyensu. Shi kuwa ya sa masa Ɗakin Otilia, sunan wata yarinya da ta fara aikin zagayawa da baƙi a kogon garinsu, wadda ko gaisuwarsa ba ta cika amsawa ba. Da labari ya kai mata, cewa ta yi, “Wasu furanni ake kawo musu, ni rami aka ba ni.” Kafin shekara ta zagayo an yi bikinsu.

Har yau kuwa ba ta taɓa ganin ɗakin ba. Ba a shiga kogon sai tsakiyar bazara in ruwan cikinsa ya ja baya, kuma a lokacin ne motocin baƙi ke layi a ƙofar nata kogon, mai dandamalin siminti da fitilun lantarki, inda take yini tana nuna wa mutane dutsen da ya yi kama da amarya da wanda ya yi kama da kan raƙumi. In ta samu hutu, dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Haka suka yi ta cewa baɗi, har 'ya'ya suka girma suka tafi birnin Cluj, gashi ya yi fari, tumbi ya fito. Bana ta ajiye aiki. Sabin ya yi mata alkawari shi da kansa zai shiga gaba, ya tsaya a ciki da fitila, ya miƙo mata hannu. Ba ya so kowa ya nuna mata ɗakin nan sai shi, kuma ya san a shekarunsa ba lallai a samu wata bazarar ba.

Su huɗu suka cusa kansu cikin tsohuwar motarsa, igiyoyi da hulunan kwano a baya. Akwai Zsolt, abokinsa tun ƙuruciya, mutumin Oradea, wanda ke cin abinci kamar gara amma har yanzu in ya juya gefe sai ka neme shi. Akwai Codruța, likitar ƙashi da ke shugabantar ƙungiyar yanzu, wadda Sabin ya koya wa ɗaurin igiya. Otilia na gaba, taga a buɗe, tana rera waƙoƙin biki kamar ɗalibar da aka sallama hutu.

“Mu bi ta kogon Scărișoara,” ta ce. “Ba zan bar aiki ban yi sallama da mutanena ba.”

“Ba hanyarmu ba ce,” in ji Sabin.

“To mai da ita hanyarmu, tsoho. Sitiyari a hannunka yake.”

Suka sauka dogayen matakalai zuwa kogon ƙanƙara, sanyi na dukan fuska a tsakiyar zafi. Otilia ta shiga cikin baƙi ta yi shiru kamar ba ta san komai ba, sai dai kowane bayani mai rakiya ya yi, ta matso kunnen Codruța ta gyara masa. Da wani baƙo ya miƙa hannu zai shafa ginshiƙin ƙanƙara, bakinta ya riga ta: “Ba a taɓawa, don Allah.” Mutumin ya janye hannu yana ba da haƙuri, su Zsolt suka juya baya suna ƙunshe dariya.

Matsalar a waje take jiransu. Lele Saveta, ƙawar Otilia da ta yi wannan aikin kafin gwiwa ta kwantar da ita, ta riga ta ɗora tukunya. Balmoș ta yi, tuwon masarar nan da ake tuƙawa cikin kindirmo da cuku har man shanu ya taso ya yi tafki a sama. Ta zuba wa Sabin malmala kamar za a ciyar da masu yankan katako.

“Lele Saveta, ni fa na ƙoshi,” ya ce a hankali.

Tsohuwa ta ajiye ludayi ta dube shi. “Me saniyata ta yi maka?”

“Ba komai, wallahi.”

“To ni na yi maka?”

A tsaunukan nan, wanda ya ƙi abincin mace ya haɗa ta da saniyarta ya zaga. Sabin ya ɗauki cokali. Abin haushin shi ne balmoș ɗin ya yi daɗi, har hawaye ya taru masa a ido, kuma da ta ƙara masa bai iya tuna yadda ake cewa a'a ba.

Daga nan abin ya zama kamar an yi shela. A Meziad wani tsohon mai gadin kogo ya tare su da soyayyen kifi da burodi mai zafi. A Chișcău, bayan sun kewaya kogon da ƙasusuwan dabbar beyar ke kwance, wata ƙawar kuma ta fito da plăcintă, waina mai cuku a ciki, faɗinta kamar faifai. Duk inda suka tsaya, an san Otilia, an san ta bar aiki, kuma babu wanda ya san wata hanyar taya murna ban da cika wa mijinta faranti.

“Ci abinka, bade Sabin,” in ji Codruța, ta kira shi da laƙabin girmamawar da suke kiran manya da shi. “In ka maƙale, ni na san sunan kowane ƙashi da za mu ciro.”

Zsolt ya buga masa ciki da bayan hannu. “Wannan ma sai an nemo masa tasa hular kwano.”

“Ku ƙyale min miji,” in ji Otilia, tana tura masa ragowar nata. “Wata nawa ina kwana da buhun ƙashi.”

Sabin ya yi dariya tare da su, amma da ya zo ɗaura bel da safe sai ya ga hudar da ya saba sawa ta yi nisa.

Sun bar mota a ƙarshen hanyar masu katako, suka hau da ƙafa cikin daji. Ƙasar wajen duk ramuka ce, nan ta lotsa kamar kwarya, can wani rafi ya taho da gudu ya shige ƙarƙashin dutse ya ɓace. Bakin kogon yana bayan wani kututture, yana huro iska mai sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar laka. Otilia ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta kunna fitilar hularta, ta durƙusa ta shige tun kafin a ce mata shiga.

Matar da ta shekara da shekaru tana hana mutane sauka daga kan siminti, yau ga ta a cikin taɓo har gwiwar hannu. Ta zame ta faɗi zaune, maimakon ta yi ƙorafi sai ta fashe da dariya, ta ɗebi laka ta shafa wa Zsolt a gemu. Inda rufin ya yi ƙasa ta ja ciki tana kukan agwagwa. Inda ya buɗe ta kira sunanta da ƙarfi don ta ji kogon ya maido mata.

“Ashe abin da kuke ci ke nan kuna ɓoye min,” ta ce tana haki. “Ni kun bar ni da kan raƙumi.”

“Tanti Otilia, a hankali dai, akwai rami a hagunki,” in ji Codruța.

“Na gan shi, 'yar nan. Kin ɗauka jiya na fara ganin rami?”

Farin cikinta ya kama su duka. Har Sabin ya manta da bel, yana gaba yana gaisawa da kowane lungu kamar tsohon da ya dawo unguwarsu. Da haka suka iso wani ɗan fili da mutum zai iya zama a tsugune, a ƙasan bangonsa ga wata baƙar tsaga mai kama da bakin tanda.

Otilia ta haska ta. “Ina ƙofar?”

“Ita ke nan.”

“Wannan? Ai ko tukunyata ba za ta shiga nan ba.”

Sabin ya cire hula ya tura ta gaba, don ba a shiga Wuyan Kwalba da hula a ka. Ya kwanta, hannun dama gaba, na hagu a cinya, ya juya fuska gefe. Kai ya shige, kafaɗu suka bi da kyar. Ya fitar da numfashi har ƙarshe, ya tura da yatsun ƙafa, ya ji ya matsa. Ya sake turawa, sai wani abu mai santsi da tauri ya tokare shi a tsakiyar ƙirji, daidai inda haƙarƙari suka haɗu.

Nan take ya tuna. A tsakiyar hanyar akwai wani ɗan farin dunƙule da ɗigon ruwa ya gina a ƙasa, girmansa bai wuce ƙwan agwagwa ba. Ƙwai ma suke ce masa. Yana saurayi ya sha wucewa ta kansa ko rigarsa bai shafa ba, shi ya sa da ya zo haɗa katakansa a bayan gida ya auna faɗi, ya auna tsawo, ya bar Ƙwai a waje. Watanni ya yi yana wuce ramin da babu irinsa a duniya.

“Yaya dai?” muryar Zsolt ta zo daga wajen ƙafafunsa.

“Ƙwai.”

Zsolt ya ce, “Kar dai ka ce min tagar kajin nan taka ba ta da Ƙwai.”

Abin da ya biyo baya sai dai a tausaya masa, don babu abin da ya fi ciwo kamar mutum ya ji ana dariya a bayansa alhali ba ya iya ko waiwayawa. Ya yi ƙoƙarin komawa baya, rigarsa ta naɗe ta ƙara cusa shi. Zsolt ya kama ƙafar dama, Codruța ta hagu, Otilia na ba da umarni kamar ana fitar da mota daga taɓo. Suka ja, takalmi ɗaya ya fita. Suka sake ja, wando ya biyo su ya bar mai shi. A ja na gaba Sabin ya fito gaba ɗaya kamar an zare toshiya, su uku suka zube a kan juna.

Ya zauna da gajeren wando mai ɗigo-ɗigo, laka har cikin kunne. Otilia ta dube shi ta riƙe ciki, dariya ta hana ta magana, sai nuna shi take da yatsa. Shi ma abin ya ci ƙarfinsa, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi.

“Balmoș ne,” in ji Codruța tana share ido.

“Ƙwai ne,” in ji Sabin.

“Lele Saveta ce ta ɗora ka a kan Ƙwan,” in ji Zsolt.

Ya sake gwadawa, wannan karon ba riga, fata da dutse. Ya gwada ta gefen hagu, ya gwada a rigingine. Ko'ina ya juya, Ƙwai na nan yana jiransa, kuma abin da ya rage ya wuce bai fi kaurin yatsa ba. Da ya fito na ƙarshe ƙirjinsa ya yi ja, jikinsa na rawar sanyi, Codruța ta yafa masa riga ta ce a matsayinta na likita ya isa haka. Dariya ta ɗauke a hankali.

Zsolt ya jawo jakarsa ya zaro 'yar gudumar da suke kafa ƙusar igiya da ita. Bai dubi kowa ba, ya ajiye ta kusa da gwiwar Sabin.

“Bugu ɗaya ne,” ya ce ƙasa-ƙasa. “Mu huɗu ne a nan. Ni ban ga komai ba.”

Codruța ta kawar da kai tana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara. Dokar ƙungiya ce, abin da ruwa ya gina ba a fasa shi, kuma daga bakin Sabin ta fara jin dokar. Sabin ya ɗauki gudumar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya leƙa tsagar, ga Ƙwai can yana ƙyalli a hasken fitila, fari tas, ya fi duk wani coci da ke ƙasar nan tsufa. Ya so ya buge shi, ya so ƙwarai, har hannunsa ya yi zafi. Bayan wannan ɗan dunƙulen akwai abu ɗaya tak da ya taɓa bai wa matarsa wanda babu mai irinsa, kuma tun yana saurayi yake hango ranar da zai ga fuskarta a ciki.

Ya miƙa wa Zsolt gudumarsa. “Mai da ita. Ƙwai ya riga ni zuwa.”

“To mu koma gida,” in ji Otilia. Babu sauran wasa a muryarta. “Na ga laka, na ga wandonka, ya ishe ni. Ba na shiga ba kai.”

“Za ki shiga.”

“Sabin.”

“Mace, na kawo ki har ƙofa. Kar ki sa a ce balmoș ya ci mu mu biyu.” Ya cire mata hula da kansa, ya nuna mata yadda za ta sa hannu. “In kin ji Ƙwai, ki fitar da numfashi, kar ki ja. Kina fita za ki samu gangare a dama, ki zauna ki sauka da mazaunai. Kar ki taka farin wuri, ki bi inda sawuna yake.”

Codruța ta yunƙura za ta bi ta, Zsolt ya riƙe mata hannu. “Ɗakinta ne,” ya ce.

Otilia ta shige kamar an shafa mata mai. Ƙafafunta na ɓacewa Sabin ya kwanta ya bi bayanta iyakar inda Ƙwai ya yarda, kansa a karkace, kuncinsa a kan dutse mai sanyi. Daga nan ba ya ganin komai sai baƙin rufi da ɗan hasken da ke yawo. Ya ji saukarta a gangare, ya ji ta ce wash, ya ji takunta yana nisa.

“Kin ga sawun?”

“Na gani. Ƙafarka ce, ko a lahira na san ta.”

“Ɗaga kai sama.”

Hasken ya tashi. Ya jira, yana jin ɗigon ruwa da bugun zuciyarsa a jikin dutse. Ya san abin da take gani: siraran fararen tsinke dubbai suna lilo daga rufi kamar ruwan sama da ya tsaya cak, da tafkin da ba a gane akwai ruwa a cikinsa sai ɗigo ya faɗa, da babban ginshiƙin nan a tsakiya. A kwancen nan ya gane cewa ganin da ya yi wa ɗakin a wancan zuwan shi ne na ƙarshe, kuma ranar ko waiwayawa bai yi ba da zai fita.

Can sai ya ji tana dawowa da sauri, tana hawa gangaren da hannu da gwiwa. Fuskarta ta bayyana a ɗaya bakin ramin, laka da hawaye sun haɗu, tana dariya kuma.

“Kai mahaukaci ne,” ta ce. “Yarinyar da ba ta amsa gaisuwarka ka bai wa wannan?”

“Ya yi?”

“Rufe min baki. Me kake hangowa daga nan?”

“Rufi kawai.”

“Kashe fitilarka. Juyo da kai wajen muryata, ƙara, har sai wuya ya yi zafi.”

Ya kashe, ya murɗa wuya har ya ji ƙara. Ta janye daga bakin ramin, ya ji ta sake sauka, haskenta yana tafiya yana tsayawa.

“Yanzu fa?”

“Babu.”

“Yanzu?”

“Koma hagu kaɗan. Ɗaga hannu.”

Ta cire hular ta ɗaga ta sama da hannu biyu. A can ƙarshen tsagar, a wani ɗan sarari da bai fi tafin hannu ba, gefen ginshiƙin ya fito fari fat, ruwa na gangarowa a jikinsa, da 'yan tsinke uku ko huɗu a samansa, da hannun Otilia mai laka a gefe.

“Na gan shi,” in ji Sabin. “Tsaya a nan, kar ki motsa.”

“Ina nan, tsoho. Kalli abinka, hannuna bai gaji ba.”